Kanwa a Tukunyar Kaka Saramma

A unguwar Highbridge, can a ƙasar Turawa, cikin wani tsohon bene mai hawa shida, akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Iyayenta mutanen Maraɗi ne. Ƙofarsu tana kallon ƙofar wata tsohuwa 'yar Indiya, wadda yaran gidan suke kira Kaka Saramma. Idon tsohuwar ya yi rauni, yatsunta sun ƙage. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan.

Duk shekara, ranar da ya rasu, takan dafa abin da ya fi so. Sunansa fayasam. Kamar kunu yake, na ƙananan wake da madarar kwakwa, mai zaƙi.

Wata Asabar da hantsi, da ranar ta zagayo, Kaka ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ta ce wa Mama, uwar yarinyar, "A ara mini jikata ta matse mini kwakwa. Ɗana zai zo da yaransa da yamma."

Yarinyar ta wanke hannu ta bi ta. Sau uku suka matse kwakwa a cikin ƙyalle. Madarar farko mai kauri ce, ta biyu ta fi ta ruwa, ta uku tsararo. Kowacce da kwanonta.

Kaka ta soya waken da man shanu har ya yi ƙamshi, ta zuba madara ta uku, ta rage wuta. Sannan ta buɗe wata tsohuwar takarda a hankali. Dunƙulen baƙin sukarin rake ne a ciki.

Ta ce, "Ƙanwata ce ta kawo mini daga garinmu. Wannan ne ya rage."

Wake ya yi ta tafasa, ya ƙi nuna. A ƙasa kuwa Shamsiya, ƙawar yarinyar, tana jiran ta da igiyar tsalle.

"Kaka, yaushe zai nuna?"

"Idan ya ga dama. Ba a yi masa gaggawa."

Sai wayar Kaka ta yi ƙara a ɗaki, ta tafi ɗauka. Yarinyar ta tuna yadda Mama take yi da wake mai taurin kai. Ta ruga gida, ta gutsuro kanwa mai girma, ta dawo ta jefa a tukunya. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da Kaka ta fito, ta latsa waken da cokali. "Ikon Allah! Yau ya yi sauri." Idonta bai ga launin da ya sauya ba. Ta narka sukarin gaba ɗaya ta juye, ta zuba madara ta biyu. Ta kashe wuta, sannan ta zuba ta farko.

Ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa. Sai ta ajiye cokalin, ta zauna a kujera.

"Kamar sabulu," in ji ta. "Shekara arba'in ina dafa masa wannan. Yau hannuna ya manta. Tsufa ne, jikata. Je ki yi wasanki."

Yarinyar ta fita. Amma ba ta sauka wurin Shamsiya ba. Ta shiga gida ta zauna a bakin gado.

Mama ta dube ta. "Ke, lafiya? Wa ya taɓa mini kanwa, ga ɓurɓushi a ƙasa?"

Nan take yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai, rabi da Hausa rabi da Turanci.

Mama ta riƙe haɓa. "Kanwa cikin madara? Wake da shinkafa aka ce miki ana dafawa? Kuma kika bar baiwar Allah tana zargin kanta?"

"Ina jin tsoro, Mama. Sukarinta ya ƙare."

Mama ta miƙe. Ta hau kujera, ta sauko da wani gwangwani daga saman kabad. Mazarƙwaila ce a ciki, wadda aka aiko mata daga gida.

"Riƙe. Zan raka ki, amma da bakinki za ki faɗa."

Suka tarar da Kaka inda take zaune, tukunyar tana gabanta. Yarinyar ta durƙusa.

"Kaka, hannunki bai manta ba. Ni ce na sa kanwa don waken ya nuna da wuri. Ki yafe mini."

Kaka ta daɗe tana dubanta. "Ke nan ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce."

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Ta ja kunnen yarinyar kaɗan. "Ja'ira! Saura kaɗan in ba da tukwanena kyauta."

Yarinyar ta miƙa mata mazarƙwailar. Kaka ta sansana, ta gutsura, ta lumshe ido.

"Ina kuka samo wannan? Ashe ku ma kuna dafa rake haka a ƙasarku?"

Akwai sauran wake da kwakwa biyu. Suka sake daga farko, Mama tana goga kwakwar, yarinyar tana matsewa. Wannan karon ta tsaya a gaban tukunya har waken ya nuna don kansa.

Da yamma ɗan Kaka ya iso da yaransa. Ya sha cokali ɗaya, sannan ya ce, "Irin wanda Baba yake so." Kaka ta cika kwano ta ba yarinyar, ta ce ta sauka ta kira Shamsiya.

Daga ranar yarinyar ta koyi tambaya kafin ta sa hannu a aikin wani. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa da wuri, don kada wani ya ɗauki laifinta a kansa.