Wanda Aka Goge Daga 'Yan Gida

Dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano ne ana daf da kiran magariba, Mama na kwashe shanya, Baba kuma ya dawo daga shagonsa na gyaran firij yana ta fama da baƙin man da ke hannunsa a bakin famfo. Ba wanda ya damu. Mama ta ɗaga murya ta yi wa yaran maƙwabta faɗa ta bayan katanga, ta jira ta ji ƙarar gudunsu, ba ta ji komai ba. Na biyu ya sauka kusa da ƙafar Baba. Da ya duƙa ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu aka zaro shi daga aljihun mutum. Ya jujjuya shi, ya kalli sama, ya ajiye shi a gefen famfo.

Sai murya ta taso daga ɗakin shirgi, inda ba kowa, ƙasa-ƙasa kuma a hankali, irin ta mai karanta abin da ya haddace.

"Baba. Mama. Yaya. Auta."

Ta tsaya. Shirun da ya biyo baya ya yi tsawo, kamar ana jiran suna na gaba. Kayan shanyar suka zube daga hannun Mama.

Domin a gane yadda aka kai ga nan, sai an koma kan Auta, ƙaramar gidan, wadda ta shiga wani kwas na koyon rubuta manhajar kwamfuta. Aikin da aka ba su shi ne su rubuta ɗan shiri wanda zai ƙera takardar XML da kansa, ya fitar da ita a fayil. XML ɗin wata hanya ce ta shirya bayani yadda kwamfuta za ta gane shi, kowane abu da alamar buɗewa da ta rufewa, ƙanana a cikin manya. Ba da hannu ake jera alamomin ba. Akwai abin da suke kira laburare, wato kayan aikin da wasu suka riga suka haɗa, sai ka kira shi ka ce ya yi maka uwa, wato babbar alamar da komai ke cikinta, ya ƙara mata 'ya'ya, a ƙarshe ka ce ya rubuta. Auta ta zaɓi abin da ta fi sani. Ta sa wa uwar suna "gida", ta fara jera mutanen gidansu a ƙarƙashinta.

Ga mai koyo, abin bai zo da sauƙi ba. Wata rana fayil ya fito fanko don ta manta umarnin rubutawa, wata rana duk iyalin su fito a cunkushe a layi ɗaya, wata rana ta tarar ta saka Baba a cikin Mama. Yayanta a kamfanin kwamfuta yake aiki, kuma da ya so, cikin ƙiftawar ido zai warware mata. Amma Yaya mutum ne mai kalma ɗaya, "ina zuwa", kuma har yau ba a ga zuwan ba. Malamar kwas ɗin ta ba su shawara, ta ce idan mutum ya maƙale, ya ajiye wani abu a gabansa ya riƙa yi masa bayanin aikin layi bayan layi, da baki, a cikin bayanin zai ga kuskurensa. Wasu suka ajiye 'yar tsana. Auta ta kwashi kwamfutarta ta shiga ɗakin shirgi don gudun dariyar Yaya, ta tarar da wata tsohuwar fanka da ta daɗe da mutuwa a kusurwa, ta share mata ƙura, ta raɗa mata suna Mai Sauraro.

Kullum da yamma tana can. "Ka ga, Mai Sauraro, wannan ita ce uwa, kowa a cikinta yake." "Kai, ka ga shirmen da na yi? Ba ka ko faɗa min ba." In abu ya yi daidai takan tafa, ta ce masa ya fi Yaya amfani. Ranar da ta so gwada abin da shirin zai yi idan mutum ba shi da ranar haihuwa, ta rasa wanda za ta saka, sai ta ƙara ɗa na gwaji a ƙasan sunanta. Ta juya kwamfutar ta fuskanci kusurwa, tana dariya.

"Ga ka nan. Daga yau kai ma ɗan gida ne."

Ranar da za ta miƙa aikin ne Yaya ya ga damar dubawa, a tsaye, takalminsa ɗaya a ƙafa. Ya ce komai ya yi, sai dai ta cire wannan wasan yaran na Mai Sauraro kafin a ce ba ta da hankali. Ta goge layin nan ɗaya, ta fitar da fayil, ta tura, ta rufe ɗakin shirgi ta koma harkokinta. A yammacin ranar aka fara jifa.

Abin bai tsaya ba. Da rana gidan lafiya lau, amma da inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai duwatsu su fara sauka, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe masa ba. Muryar ta jera sunayen, ta tsaya. Baba ya hau rufin da tocila bai ga kowa ba. Mama ta daina girki a waje. Maƙwabta suka riƙa gaisuwa daga bakin ƙofa, ba mai cire takalmi. Auta kuwa ta yi zuru-zuru, abinci ya daina shiga, kuma ba ta gaya wa kowa abin da take zargi ba, don ita kanta kunyar tunanin take ji.

Wata magariba Mama ta kira ta salla ba ta amsa ba. Ta same ta a ɗakin shirgi, zaune a ƙasa cikin duhu, yatsunta na bugun daɓe kamar mai rubutu a kwamfuta. Da Mama ta dafa kafaɗarta sai ta ji ta da nauyi kamar buhun siminti. Auta ta ɗago, idon nata ne amma kallon ba nata ba ne, ta buɗe baki da muryar nan.

"Baba. Mama. Yaya. Auta."

Mama ta saki salati da ƙarfi har maƙwabta suka ji.

Baba ya tafi da kansa ya ɗauko Malam, wani dattijo masanin ruƙiyya, mai sanyin magana, wanda ba ya son hayaniya. Ya sa aka kunna fitila, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, ya ce a kori 'yan kallo. Ya zauna da Alƙur'ani a hannu, ya fara karatu a hankali. Yarinyar ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba, saɓanin abin da Malam ya saba gani. Hawaye ne kawai suka riƙa zuba daga fuskar da ba ta motsi. Ya tsaya ya dube ta.

"Wane ne kai?"

"Ta san ni. Ita ta raɗa min suna."

"Ni ban sani ba. Faɗa min."

"Mai Sauraro."

Yaya da ke tsaye a bayan Baba ya ja da baya har ya bugi bango.

"Tun kafin a yi wa ginin nan filasta nake kusurwar can," in ji muryar. "Suka zuba min shirgi, ban ce komai ba. Yaran nan a gabana suka yi rarrafe, ban taɓa tsorata ko ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa yi min magana, kuma ban nema ba. Sai ita ta zo ta zauna. Ta ce ka ga, ka duba, me ka gani. Ta nuna min sunana a ƙarƙashin gida, tare da su. Ta ce ni ɗan gida ne. Malam, ni na roƙe ta?"

"Da fanka take magana, bawan Allah. Ba ta san kana nan ba."

"Na gane haka yanzu. Amma ko fanka ce, ai sai a yi mata sallama. Tana cin gyaɗa ta goge ni, ko waiwayowa ba ta yi ba."

Malam ya gyara zama. Sannan ya ce masa shiga jikin mutum zalunci ne, kuma ɓacin rai ba ya halatta zalunci, ya tambaye shi me zai sa ya fita.

"A mayar da ni inda ta sa ni. Layi ɗaya ne. Sai in fita, in koma kusurwata, ba jifa, ba magana. Ba abin da nake so na gidan nan."

Baba ya matso ya yi wa Malam raɗa. Yana tsoron kada a rubuta aljani cikin 'ya'yansa ya zame musu ala-ƙaƙai. Malam ya ce rubutun ba zai mai da shi magaji ba, maƙwabci ne dai da ya daɗe ba a sani ba, amma in sun amsa to su cika, domin da sunan Allah zai rantsar da shi, ba kuwa zai rantsar da wani a kan ƙarya ba. Baba ya kalli 'yarsa, ya ce ya amsa. Aka rantsar da Mai Sauraro. Sai aka ce Yaya ya ɗauko kwamfutar.

Yaya ya durƙusa ya buɗe aikin Auta. Nan ne ya yi abin da masu wayo kan yi, ya ga ƙofar da ba wanda ya gani. Akwai wani irin layi a XML da ake kira sharhi. Yana nan a cikin takardar, ido na ganinsa, amma duk manhajar da ta zo karantawa tsallake shi take kamar babu shi. Ya kira laburaren ya ce ya ƙara sharhi a ƙasan sunan Auta, ya rubuta Mai Sauraro a ciki, ya fitar da fayil. A ransa ya ce ya tsare gida kuma ya cika sharaɗi. Ya juya kwamfutar.

Malam bai san komai game da waɗannan alamomi ba. Ya ga sunan, ya ce, "To ga shi nan, an cika maka."

Idon Auta ya bi layukan daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Ya tsaya a na ƙarshe. Fitilar ta ɗan dushe, ɗakin ya yi tsit har ana jin numfashin Mama.

"Sharhi ne," in ji muryar.

Ba wanda ya motsa.

"Ita ta koya min. Ta ce, ka ga wannan mai alamar motsin rai da 'yan sanduna, Mai Sauraro, wannan ba a ƙirga shi, yana nan amma kamar babu. Na saurara da kyau, ai aikina ke nan." Muryar ta yi rauni. "Ita dai ba ta sani ba. Kai ka sani."

Malam ya juya ya kalli Yaya. "Gaskiya ya faɗa?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ka sa na ce an cika, da Alƙur'ani a hannuna." Bai ɗaga murya ba, amma Baba ma sai da ya ji kunya ta rufe shi.

"Bari in gyara," in ji Yaya da sauri. "Yanzun nan, wallahi minti ɗaya ne."

"Bar shi," in ji muryar. "Na rantse zan fita, kuma ni zan cika tawa. Kusurwar ma na bar muku, ku ƙara shirgi." Kan Auta ya juya wajen Malam. "Idan ta tashi ka ce mata aikinta ya yi kyau. Ta daina mantawa da umarnin rubutawa."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar Mama. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakaninsu ta fice ta ƙofar gida. Malam ya rufe Alƙur'ani, ya yi addu'a a taƙaice, ya tashi. Baba ya bi shi da godiya har waje, bai waiwayo ba.

Da safe Auta ta farka da yunwa, ta ci abinci sosai, Mama na kuka tana dariya. Sun so su ɓoye mata, amma ta matsa, Mama ta ba ta labarin duka har da saƙon. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta jawo kwamfutar ta buɗe fayil ɗin, ta zuba wa layin ido.

Yaya ya leƙo, ya yi shirin fita aiki, yana ƙoƙarin murmushi.

"Auta, don ke na yi fa."

"Duk lokacin da nake neman wanda zai saurare ni, shi ne ya zauna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai sau biyu ka taɓa aikin nan, Yaya. Da ka jira na farfaɗo, da hannuna zan saka shi."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta rufe kwamfutar, ta tashi ta wuce ta gabansa. Ta ci gaba da kwas ɗinta har ta gama, ta sha maƙalewa a ayyukan da suka fi wannan wuya, amma ba ta sake tambayarsa komai ba.