Ranar da Leendert Ya Tashi Zuwa Tebur

"Sake mini hannu, Leendert."

"Jozina, ki tsaya mana ki ji..."

"Na ce ka sake ni. Abin da ka yi a ciki bai ishe ka ba, sai ka ƙara da na waje?"

Ya sake ni. Muna kan hanyar da ta bi gindin ganuwar da ke tare ruwan teku, an taso daga sujadar safe, jama'a na wuce mu a ƙafa. Kowa ya sunkuyar da kai wai shi ba ruwansa, alhali kunnuwansu duk suna wurinmu. Na san mutanen ƙauyenmu sarai. Kafin miyar Lahadi ta huce, labarin ya zaga tsibirin Tholen kaf.

Ranar Jibin Ubangiji ce. A majami'armu, idan fasto ya sauko ya tsaya a bakin dogon teburin nan mai farin mayafi ya yi kira, ba kowa ke tashi ba. Majami'a cike maƙil, amma masu tashi 'yan tsiraru ne, tsofaffi cikin baƙaƙen kaya, waɗanda kowa ya san labarin tubarsu, suka sha kuka shekara da shekaru kafin su sami tabbacin cewa su na Allah ne. Sauranmu mu zauna mu sunkuyar da kai. Haka muka tashi muka gani. Mahaifina, Dingeman, ya doshi saba'in. Bai taɓa fashin sujada ba, bai kuma taɓa tashi zuwa teburin nan ba. Ya ce shi bai kai ba.

Yau kuma sai ga Leendert. Leendert manomin albasa, wanda saura 'yan makonni a ɗaura mana aure. Da kwat ɗinsa mai ruwan toka, wadda ni da kaina na zaɓa masa, ya miƙe daga benci ya bi tsakiyar majami'a, ya je ya zauna tsakanin tsofaffi biyu. Ya karɓi gurasa ya ci. Aka miƙo ƙoƙo ya sha.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" na ce masa.

"Ni ma ban sani ba, Jozina. Da na shiga ba ni da wannan niyyar."

"Ba ka da niyya. Wa ya san ka da kuka? Wa ya taɓa jin labarin tubarka? Jiya-jiyan nan kana kan tarakta kana fito kamar ba ka da zunubi ko ɗaya."

Sai ya yi murmushi. Murmushi fa! Wani irin sanyi ne a fuskarsa wanda ban taɓa gani ba, kuma shi ya ƙara tunzura ni.

"Ka ga fuskar Babana?"

Murmushin ya ɓace. "Na gani."

"To ka je ka ci gaba da jin daɗinka."

Na juya na bar shi tsaye a nan.

A gida Mama sai buga kwanuka take yi kamar su suka yi mata laifi. Ta zuba miya, ta ajiye burodi, bakinta bai huta ba.

"Ko baƙar kwat bai sa ba. Tafiya yake gaɓa-gaɓa kamar an kira shi cin biki. Abincin 'ya'yan Allah ne ya miƙa hannu ya ɗauka ba a ba shi ba. Sata ce wannan, Jozina, in ba ki sani ba."

"Na sani, Mama."

"Kuma shi za ki kawo mana gida a matsayin suruki."

Baba kuwa ko cokali bai ɗauka ba. Miyarsa ta huce a gabansa. Ya yi addu'ar bayan abinci da muryar da ba ta fita sosai, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ki gaya masa ya je wurin dattawan ikilisiya. Ya ce musu ya yi gaggawa, ya yi kuskure, ba zai sake ba sai Ubangiji ya buɗe masa. In ya yi haka, an wuce wurin."

"In kuma ya ƙi, Baba?"

"To auren nan ba da yawuna ba. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ba ya tsoron Allah ba."

Ban yi musu ba. A lokacin ni ma gani nake daidai ne. Ina son Leendert tun muna makaranta, tun yana goyo na a bayan kekensa iska na neman kayar da mu, amma ranar nan da zan same shi da sai na shaƙe shi.

Litinin da hantsi na hau keke na nufi rumbun albasarsu. Na tarar da shi shi kaɗai yana tsince ruɓaɓɓu yana jefawa a kwando, hannuwansa duk ƙasa.

"Jozinata," ya ce.

"Kar ka ce mini wani Jozinata. Saƙo na kawo."

Na faɗa masa abin da Baba ya ce, ban rage ko kalma ba. Ya saurara har na gama, sannan ya goge hannu a wandonsa ya zauna a kan buhu.

"Bari in gaya miki yadda aka yi, sannan ki yanke hukunci."

"Ina ji."

"Tun ina yaro nake jira in ji baƙin cikin zunubina ya kai yadda za a karɓe ni. Kullum ina auna shi kamar albasa a ma'auni, kullum bai cika ba. Kin ga ina fito a kan tarakta. Ba ki ga lokacin da nake kashe injin a ƙarshen gona in kifa kai a sitiyari ba."

Ban san wannan ba. Abin ya soke ni, amma na ƙi nunawa.

"Jiya fasto ya ce teburin na waɗanda suka gaji da kansu ne. Sai na duba. Ban san ko tubata ta isa ba, ban san ko hawayena sun isa ba. Amma gajiya kam, Jozina, na gaji. Wannan ba ƙarya ba ce. Sai na ce, Yesu, ba ni da abin kawowa, ga ni dai. Kuma bai kore ni ba."

"Kai ka ce bai kore ka ba."

"Ni na ce."

"To ji nan. Je ka faɗa wa dattawa ka yi kuskure. Magana ce ta minti kaɗan. A zuciyarka ka riƙe abin da kake so, wa zai leƙa? Ka yi don ni, Leendert. Don aurenmu."

Ya dubi hannuwansa.

"Ki ce in sayar da gonar nan mu bar tsibirin, zan yi. Amma in tsaya a gaban mutane in ce ƙaunar da Yesu ya nuna mini kuskure ce... ba zan iya ba, masoyiyata."

"Ka fi son sa a kaina ke nan."

"E."

Haka kawai. Ko ɗan kwana-kwana bai yi ba don ya lallashe ni. Ban san lokacin da na wawuri albasa na jefe shi da ita ba. Ta same shi a kafaɗa. Na ƙara ɗaukar wata.

"Kai wane ne?" na ce, hawaye na zuba. "Wane ne kai da za a ba ka a rana ɗaya? Babana fa? Tun kafin a haife ka yake durƙuso. Na sha jin sa ta bango yana roƙo yana shessheƙa. Bai taɓa cutar kowa ba. Shi an bar shi a benci, kai da ko baƙar kwat ba ka da ita an ce bismillah? Wane irin rabo ne wannan?"

"Jozina, ba da ni kike faɗan nan ba."

"To da wa?"

Na yar da albasar na fita na ja kekena.

Ban nufi gida ba. Na tura keken na hau kan ganuwar teku, inda babu kowa sai tumaki da iska. Ruwa ya janye, laka ta fito baƙa har can nesa. Na jefar da keken a ciyawa.

An koya mini addu'a tun ina ƙarama: a haɗa hannu, a rufe ido, a yi magana da ladabi da rawar jiki. Ranar nan idona a buɗe yake, kuma babu ladabi ko kaɗan.

"Me muka yi maka?" na ce da ƙarfi. "Ka sa mahaifina ya tsufa yana tsoronka. Ka sa ni ma tun ina yarinya ban taɓa iya cewa kana ƙaunata ba, wai kar in yi girman kai. Yanzu kuma za ka raba ni da mutum ɗaya da nake so. In kana da ƙauna, ina take? Ni ban gan ta ba!"

Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ba zan maimaita ba. Na yi ta jiran wani abu ya faɗo mini daga sama. Babu abin da ya faɗo. Tumaki suka ci gaba da cin ciyawarsu.

Na yi faɗan har muryata ta dushe, na zube a ƙasa. A nan ne na lura da wani abu: duk rayuwata ban taɓa yi wa Allah magana ta gaskiya ba sai yau, kuma ga shi ya ji mafi muninta bai kau da kai ba. Ban ji wata murya ba, ban ga komai ba. Kawai jikina ya saki, kamar yaron da ya gama birgima aka ɗauke shi aka goya.

"To ga ta nan," na ce a hankali. "Zuciyar ke nan, da fushinta da komai. Ba ni da wata. In kana so, ka ɗauka. Ni na gaji da riƙon ta."

Na zauna a wurin har ruwa ya fara dawowa.

Na sami Baba a lambun bayan gida yana ɗaure sandunan wake. Bai juyo ba.

"Me ya ce?"

"Ba zai je ba, Baba."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba ne. Zan aure shi."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya juyo, fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Ke ma? Har ya shafa miki? A gidana, a gaban idona, za ki zaɓi yaron da ya raina abu mai tsarki?"

"Bai raina ba."

"Ke kika san raini? Me kika sani? Akwai mutanen da suka fi shi sau dubu da suka shiga kabari ba su taɓa ƙoƙon nan ba. Kakarki ma haka ta tafi. Su wawaye ne? Shi kaɗai ne mai wayo?"

"Ban ce ba, Baba."

"To ki fita mini daga lambu."

Da jiya ce da na fita. Amma yau sai na tsaya.

"Baba, ina ƙaunarka, kuma ba na so in shiga majami'a ranar aurena ba ka riƙe da hannuna. Amma ba zan roƙe shi ya yi ƙarya ba kuma. Tambaya ɗaya nake da ita. Samari nawa suka yi abin kunya a ƙauyen nan, ka ce a yi musu addu'a? Shi me ya yi maka da ka kasa ko cin abinci?"

Ya buɗe baki zai yi mini tsawa. Tsawar ba ta fito ba. Ya dafa sandar wake, ta karkace, sai ya zauna daɓas a kan bokitin da ke kife. A rayuwata ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba.

"Da ya wuce ta gefena zai je teburin," ya ce, muryarsa can ƙasa, "saura kaɗan in kama rigarsa. Ba don in tsayar da shi ba, Jozina."

Na durƙusa a gabansa.

"In yaron nan ya yi kuskure, Allah ya gafarta masa, abu ne mai sauƙi. Amma in daidai ya yi..." Ya dube ni. "In daidai ya yi, to ƙofar a buɗe take tun ranar farko, ni kuma na ƙare rayuwata a bakinta ina ƙwanƙwasawa. Kin ga dole in yi fushi. Fushin ya fi mini sauƙi."

Na rungume shi. Ƙashin kafaɗarsa na motsi a ƙirjina, hularsa ta faɗi cikin wake, babu wanda ya ɗauka.

Da ya samu ya tsagaita, sai ya ture ni kaɗan, ya share fuska da bayan hannu, ya haɗe rai yadda ya saba.

"Zan riƙe hannunki ranar. Uwarki kuma ki bar ni da ita."

"Baba..."

"Ki ce masa ya zo gobe shan gahawa. Sai na wanke shi tas tukuna, kar ya ɗauka ya sha." Ya kau da kai ya dubi sandunansa. "In na gama, ina so in tambaye shi yadda aka yi ƙafafunsa suka iya ɗaukarsa."