Gwiwar Hannun Mai Walda

A ƙofar ɗakin hoton maganaɗisu suka fara haɗa ido. Shi mai walda ne, gwiwar hannunsa ta dama ta kumbura, ta ƙi miƙewa. Ita ke aiki da na'urar, wani farin rami mai ƙugi da ake tura mutum ciki a kwance.

"Mene ne sana'arka?"

"Walda."

"To, ba ka shiga yau. Sai an duba idonka, ko ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale."

"Malama, hannu na kawo miki, ba ido ba."

"Na'urar ba ruwanta. Duk ƙarfen da ta samu a jiki sai ta fizgo shi."

Ya fita da fushi, amma da lambar wayarta. Kafin wata ya mutu yana ce mata Likitata, tana ce masa Tartsatsi.

Layin duba ido ya ƙi motsi, kumburin kuwa kullum ƙaruwa yake. Mahaifinta ya kira shi, ya daɗe yana kallon hannun.

"Yaro, an ce irin wannan ciwon daji ne. Ba zan ba da 'yata ga wanda za a guntule ba. Ɗan ƙanwata na nan yana jira da hannuwansa biyu."

Tsoro mugun mashawarci ne, samari kuma sun fi kowa saurarensa. Ya rubuta mata: "Likitata, na gaji. Gobe zan je wani asibiti in ce ni tela ne."



Washegari a can ya sa rigar asibiti, yana jin ƙugin na'urar ta bayan ƙofa. Zai ajiye wayarsa kenan saƙo ya shigo: "Tartsatsi, in an yanke hannun, zan aure ka a haka. In ka makanta kanka da ƙarya, ban san ka ba."

Wani ma'aikaci ya buɗe ƙofa. "Tela, bismillah."

Ya ce, "Malam, ko maɓalli ban taɓa ɗinkawa ba."

Da layi ya zo kansa aka duba idon hagunsa, sai ga ƙarfe kamar bakin allura. Aka cire. Ita da kanta ta kwantar da shi a na'urar. Hoto ya fito: jijiya ce ta tsage, ba daji ba.

Da mahaifinta ya ji, ya ce, "Turo manyanka."

An ɗaura aure ango na rataye da hannu a wuya, yana kallon amaryarsa da idanu biyu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya.