Sikeli Mai Hatimin Hukuma

Ba a banza mutanen unguwa suka laƙaba masa Saura-Kaɗan ba. Gas ɗin girki yake sayarwa, kuma tun da ya buɗe shago ba a taɓa jin tukunyar da ta fita daga hannunsa a cike ba. Sikelinsa tsoho ne mai allura, ya san inda ake taka shi da babban yatsa allurar ta yi gaba. Matan aure su yi ta tsine masa idan wuta ta mutu musu ana tsakiyar girki, shi ko a jikinsa. A duniya abu ɗaya yake so tsakani da Allah, jaririyar da matarsa ta haifa masa bayan dogon jira. 'Yar Baba yake ce mata.

Kwatsam sai ga sabuwar doka. Hukumar awo ta hana aiki da sikeli mai allura, kowane mai shago sai ya sayi na lantarki mai nuna lamba. Ranar da jami'ar hukumar ta zo, ta buɗe akwatin ƙarafan gwaji ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sabon sikelinsa, sannan ta zura waya ta cikin kusoshin murfin, ta matse bakinta da dalma mai hatimi, ta manna lambar da mai saye zai kira idan an cuce shi.

"Ranki ya daɗe, duk wannan ɗaurin a kan ɗan talaka?" in ji shi.

"Idan dalmar nan ta tsinke, shagonka ne ya tsinke," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Daga ranar ya koma sayar da gas cikakke, abin yana cin ransa kamar ana yankar naman jikinsa. Riba tana shigowa daidai gwargwado, amma shi daidai gwargwado ne ba ya so. Da tsakar wata rana ya nannaɗe sikelin a buhu, ya nufi wani kangon sito a bayan masu facin taya, inda aka ce akwai bokan da ba ya mayar da kowa hannu wofi.

Cikin kangon duhu ne, sai warin tsohon kitse da ƙonannen gashi. An jera ƙahoni a gindin bango, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. Daga rufi wani tsohon ma'auni mai faranti biyu yana rataye da sarƙa. Faranti ɗaya ɗauke yake da baƙin dutse kamar kan mutum, ɗayan babu komai a kansa, amma a daidai suke tsaye. A ƙarƙashinsa bokan yake zaune, siriri, wuyansa kamar na tulu.

"Kai ne wanda aka ɗaure wa hannu da waya," in ji bokan. "Faɗi."

"So nake sikelin nan ya faɗi gaskiya a gaban hukuma, ya yi mini ƙarya a gaban mai saye."

"Ƙarya ba zai yi ba. Idan ya ce tukunya ta cika, nauyinta ya cika. Kashi uku gas ne, na huɗun daga wani wuri za a ɗebo shi. Sai ta isa gida take komawa yadda take."

"Daga ina za a ɗebo?"

"Daga jikin mai rai."

"Rago nawa zan kawo?"

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Rago ɗan'uwanka ne? Wanda yake ci daga tukunyar gidanka nake nufi. Ka sa ya hau sikelin, lamba ta fito. Shi ke nan aikinka."

 Ƙanensa ne ya faɗo wa Saura-Kaɗan a rai, ƙaton da ke kwance a ɗakin ƙofar gida ba aiki ba sana'a, kullum yana tashi da kwano biyu. "Idan na ce ya isa fa?"

"Ka taɓa cewa ya isa?"

"Banda 'yata. Wannan ka ji da kyau."

"Ni ba na ɗora kowa," in ji bokan. "Kai ke da shago."

Bokan bai taɓa dalmar ba. Ya kifa sikelin, ya tsaga tafin hannun Saura-Kaɗan, ya cuɗa jinin da kitse da toka ya shafe ƙasan farantin, yana kiran wasu sunaye da ba na mutane ba. Fuskar sikelin ta kawo haske alhali ba a kunna shi ba. A sama, farantin da babu komai a kansa ya ɗan yi ƙasa.

Washegari Saura-Kaɗan ya kira ƙanensa shago. "Kai, zo hau mu ga inda abincina yake tafiya." Ƙanen ya hau yana dariya, har da cewa, "Yaya, kada ka sayar da ni dai."

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Ya sayi motar dakon gas, ya rushe gidan ya tayar da bene. Masu saye suka yi ta kiran lambar hukuma, jami'ar ta yi ta zuwa ba sanarwa. Ta gwada ƙarafanta, daidai. Ta ƙwace tukunya daga hannun mai saye a bakin ƙofa ta auna da nata sikelin, daidai.

"Na san kana yin wani abu," ta ce.

"Ga dalmarki nan, ranki ya daɗe. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

A gida kuwa ƙanen yana ci yana zubewa. Wandonsa ya daina zama, likitoci suka duba ba su ga ciwo ba. Ranar da ya rasu, waɗanda suka ɗaga makarar suka kalli juna, don ji suka yi kamar itacen kawai suka ɗauka. Saura-Kaɗan ya yi kuka a gaban jama'a, kuma kukan gaske ne, amma bai hana shi lura da cewa a makon nan sikelin ya koma faɗin gaskiya ba. Sai idonsa ya sauka kan surukarsa, wadda ta zo taya 'yarta reno.

"Inna, hau mu ga ko gidan nan ya karɓe ki."

Tsohuwa ba ta da naman kirki, ba ta daɗe ba ta bi ƙanen. Baƙin ciki ya hana matarsa cin abinci, nono ya ja baya, tsoro ya kama ta kada yarinyar ma ta rame. Ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa awo, ma'aikaciyar ta ce hukuma ta ɗauke sikelin jarirai saboda bai ci gwaji ba, sabon bai iso ba. Sai ta tuna akwai sikeli a shagon mijinta, wanda duk garin babu wanda aka gwada kamarsa.

Saura-Kaɗan yana dawowa daga sauke kaya ya tarar da 'Yar Baba kwance a kan farantin cikin tawul, tana wasa da ƙafa, lamba tana haske a ƙarƙashinta.

"Uban wa ya ce ki ɗora ta?" Ya fizge yarinyar har ta tsala ihu.

"Me na yi? Ba shi ne mai hatimin hukuma ba?" Ta tsaya tana kallon yadda ya ƙanƙame yarinyar. Can ta ce, a hankali, "Ƙanenka ya hau. Inna ta hau. Baban yarinya, me ka yi mana?"

 Ya garƙame shagon, ya ruga kangon sito ya zube a gaban boka.

"Na rufe! Ba zan ƙara sayar da ko kilo ɗaya ba. Sauke ta!"

"Tukwanen da ka sayar, waɗanda naman tsohuwa bai isa ya biya ba fa? Da me za a cike su?"

"To ni zan hau. Ɗebi nawa!"

"Da jininka aka shafe shi, kai da shi abu ɗaya ne. Tashi ka ba ni wuri."

Ya koma ya ɗauki guduma ya farfasa sikelin, waya da dalma suka yi tsalle. Bai hana komai ba. Yarinyar tana shan madara amma tana rage nauyi a hannu, har ranar da ya ɗauke ta ya ji tawul kawai yake riƙe da shi, alhali ga fuskarta yana gani, ido a rufe.

Jami'ar ta zo ta ga dalma a ƙasa, ta soke lasisinsa, ta sa wa shagon kwaɗo. Laifin da doka ta iya gani ke nan, karya hatimi. Motar da benen suka bi hannun masu magani, don matarsa ba ta sake dawowa hayyacinta ba. Har yau tana zagaya kasuwa da tawul a naɗe, ta tsaya gaban duk mai sikeli ta ce, "Ɗan'uwa, auna mini ita, ta ƙaru?" Shi kuma yana biye da ita a baya, ba ya iya ɗaga ido, yana jin lambar da ake faɗa mata.

Kai mai awo, kai mai zuba wa mutane a tukunya ko a buhu, ka ji da kunnenka. Hukuma tana iya ɗaure sikeli da waya, ba ta iya ɗaure zuciyar da ba ta ƙoshi. Abin da ka rage wa mai saye ba ɓata yake yi ba, cike shi ake yi, kuma ba kai za a tambaya daga jikin wa za a ɗiba ba.