Dankalin da Ya Shuka Kansa

A zamanin da, an yi wani mutum mai son yabo. Wata damina dankali ya tsiro a bayan ɗakinsa, inda matarsa ta zubar da ruɓaɓɓu. In maƙwabci ya yaba, sai gogan ya ce, "Aikina ne." In baƙo ya yaba, "Aikina ne."

Rannan wata tsohuwa ta zo da ɗan irin dankalin da ya rage mata, ta ce, "Ɗana, koya mini dabararka, kada in yi asararsa."

Ya dubi irin nan, ya sosa ƙeya, ya yi dariya. "Iya, gyauro ne, da kansa ya fito. Zo in raka ki wurin manomin gaske. Ni a harkar dankali, ci kawai na iya."