Rabin Sunan Marie-Aimée

A shagon madara na bakin kasuwar garin Huye Théoneste ya fara ganinta, tana zuba wa mutane kindirmo. Kofi uku ya shanye ranar, shi da cikinsa ba ya shiri da nono, don dai ya ji sunanta. Marie-Aimée.

Sunan ya yi wa mai zumuɗi tsawo, sai ya gutsure shi. Kullum da safe saƙonsa na shigowa: "Aimée tawa, kin tashi lafiya? Ajiye min kofina da murmushin nan naki."

Daɗin da take ji ya hana ta gyara masa.

Ranar da ya je gaida mahaifinta Apollinaire, tsohon malamin makaranta, ya miƙa hannu biyu cikin ladabi, ya ce saboda Aimée ya zo. Dattijon ya ɗaure fuska, ya ce babu mai wannan suna a gidansa, kada kuma a kawo masa maganar aure.

Sati biyu Théoneste yana ramewa, a zatonsa sana'arsa ta gyaran keke aka raina. Gwaggon yarinyar ce ta ji tausayinsa, ta tsare shi bayan an tashi daga coci.

"Kai yaro, ba kekenka ba ne. Marie sunan uwarta ne, wajen haihuwarta ta rasu. Aimée kuwa da Faransanci, ma'anarsa wadda ake so. Ranar baftisma ƙanena ya haɗa su, don duk wanda ya kira 'yar ya ambaci uwar da ƙauna. Shekara ashirin da uku yana jin matarsa a bakin mutane, kai ka zo ka yar da ita."

Kunya ta kama shi har ƙafa. Wane irin so ne wannan, da mutum zai ɓoye shi a cikin suna!

Washegari ya koma. "Baba, na yi kuskure. Marie-Aimée nake nema, dukkanta."

Dattijon ya ce a hankali, "Sake faɗa."

Ya sake, idon tsohon ya cika da hawaye.

Bayan girbin wake aka kai saniyar sadaki, aka ɗaura aure. Apollinaire ya haɗa hannuwansu, ya roƙa musu shanu da 'ya'ya da zaman lafiya, sannan ya raɗa wa angon:

"A ɗakinku kira ta yadda ka so, ɗana. Amma in kun zo gidana, ka riƙa kira min su biyun."