Lamba Ɗaya a Ƙofa Biyu

Ran Asabar da hantsi aka kawo wa Sufeto Dabo ƙara: an kwashe takin zamani daga siton wata ƙungiyar manoma a Karaye, ana tsakiyar damina. Kafin ya isa, shugaban ƙungiyar, Alhaji Shitu, ya gama shari'arsa shi kaɗai, ya sa an jefa maigadi bayan kanta. Dama in kaya ya ɓata, mai tsohuwar riga ake fara damƙewa.

Maigadin, Malam Sabi'u, dattijo ne daga Kafin Dafga.

"Baba, jiya Juma'a ka bar bakin sito?" in ji Dabo.

"Ko nan da can ban je ba, ranka ya daɗe."

"Har masallaci?"

"A bakin siton na yi azahar."

"Ba a fasa kwaɗo ba. In ba ka tashi ba, kai ka buɗe musu ke nan. Litinin sai kotu."

"Allah ya kai mu," in ji tsohon.

Dabo ya fito ransa a ɓace. Ya saba da masu ƙarya don su fita, amma bai taɓa ganin mai ƙarya don a rufe shi ba.

A ofishin ƙungiyar, Muhsin, ɗan maigadin, wanda ya haɗa musu kyamarori bayan ya gama karatu, ya kunna hoton ranar Juma'a. Ƙofar sito a rufe, ko akuya ba ta gifta ba. Sai dai hoton yana ta ƙiftawa.

"Me ke sa shi haka?"

"Sola ce ta yi rauni, yallaɓai."

Dabo ya ƙura wa hoton ido. Ƙasa a bushe ƙayau, alhali jiya an wuni ana yayyafi.

Ya kirawo Injiniya Kausar daga Rogo, mai gyaran layukan kwamfuta. Ta jona kwamfutarta da suwic, akwatin da wayoyin kyamarori duka suke haɗuwa a ciki, ta nuna masa gargaɗi iri ɗaya a jere.

"Kowace na'ura tana da lambarta ta MAC, yallaɓai, kamar lambar mota. Suwic yana kukan lambar kyamarar sito tana tsalle: a cikin ƙofofinsa da ake soka waya, yanzu tana ta uku, yanzu tana ta bakwai."

"Ma'ana?"

"Ko dai wata waya ta zagayo ta koma cikin akwatin, ko kuma na'ura biyu ke amsa lamba ɗaya. Na bi wayoyin, babu zagaye."

"Yaushe tsallen ya fara?"

"Daidai lokacin huɗuba. Ana idar da salla ya tsaya."

Wayar ƙofa ta uku ta kai su ga kyamara. Ta bakwai kuwa ta bi ta silin ta sauka a ɗakin batura, bakinta na reto. Mutum ɗaya ke riƙe da makullin ɗakin: Muhsin.

Kausar ta tsayar da hoton daidai kan ƙiftawa guda, inda ainihin hoton kyamarar ya kutso. Sai ga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga bayan a-kori-kura, ga Muhsin da buhu a kafaɗa.

Dabo ya juya allon ya fuskanci saurayin.

"Solar ce ta ɗora maka buhu?"

Muhsin ya sunkuyar da kai.

"Kwamfutata na sa wa lambar kyamarar, ta riƙa aika tsohon hoto. Ita kyamarar ban cire ta ba, don in ta mutu wayar Alhaji za ta yi ƙara."

"Kwaɗon fa?"

"Makullin Baba na sa aka yanka mini irinsa. Takin yana Ruwan Bago." Ya ɗago ya dubi Dabo. "Wallahi na zaɓi lokacin masallaci ne don kowa ya shaida Baba ba ya nan. Ban san abin da ya sa ya ce bai tashi ba."

Da la'asar aka fito da Malam Sabi'u. Alhaji Shitu ko sannu bai aiko ba. A bakin kanta tsohon ya ci karo da ɗansa, ankwa a hannu.

"Baba, don me ba ka ce ka je masallaci ba?"

Tsohon yana ƙoƙarin zura takalminsa, ƙafar ta ƙi shiga.

"Na je. Tun kana ƙarami a hannun damana kake tsayawa a sahu. Jiya na duba ban gan ka ba, na dawo na tarar da sito wayam." Ya juya ga Dabo. "Ranka ya daɗe, ni ban kawo ƙarar zaman da nake yi a ciki ba."

Dabo ya yi wa kofur alama da kai, aka wuce da Muhsin ciki.